Keke: yadda za ka zaɓa, ka daidaita shi da jikinka, ka kuma riƙe shi ya daɗe

Wanda zai sayi keke, tambayarsa ta farko kusan kullum ita ce: "Na wane kamfani ya fi kyau?" Ni kuwa idan aka yi mini ita sai in mayar da wasu biyu: wace irin hanya za ka riƙa bi, kuma mene ne tsawonka? Keke ba mota ba ce da za ka shiga ka ja kujera gaba ko baya a wuce wurin. Kai ne injinsa. In bai zauna da jikinka ba, ko da zinariya aka ƙera shi, mako uku ya yi yawa za ka gan shi jingine da bango yana shan ƙura.

Fara da hanyar, ba da keken ba

Idan kan kwalta mai santsi za ka riƙa tafiya mai nisa, keken tsere ne naka: mai lanƙwasasshen kai, mai siririyar taya da faɗinta bai cika wuce milimita 25 zuwa 32 ba. Idan hanyar duwatsu ce da ramuka da yashi, sai keken daji, mai taya mai ƙuraje wadda ta kai inci 2 ko fiye. Amma mafi yawan mutane ba ɗaya daga cikin biyun nan suke bukata ba. Zuwa aiki ne, zuwa makaranta, aike, motsa jiki da yamma. Wannan aikin na keken tsaka-tsaki ne, mai miƙaƙƙen kai da taya kamar milimita 35 zuwa 42, wanda ke da ramukan ɗaura kariya (wurin ɗora kaya na baya) da madigadi. Keke mai giya ɗaya ma bai tsufa ba. Inda babu tudu, shi ne mafi ƙarancin rigima.

Abu ɗaya zan hana ka: keke mai araha da aka cika shi da shokozoba gaba da baya don ya burge ido. Araha ba ta ado. Kuɗin da ya kamata a sa a birki da giya an kashe shi a kan sifirin da ba ya aikin komai sai ƙara nauyi da shanye ƙarfin ƙafarka. Keke mai sauƙin ƙira mai kayan kirki ya fi shi nesa ba kusa ba.

Girman firam

Wannan shi ne abin da ba ya gyaruwa bayan saye. Sirdi yana hawa yana sauka, kan keke ana iya canza shi, amma firam, wato gangar jikin keken, yadda aka ƙera shi haka zai mutu. Kekunan tsere akan auna su da santimita, na daji da inci ko da haruffan S, M, L. Kada ka dogara da harafin kaɗai, domin M na wani kamfani L ne a wurin wani.

Tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami tazara tsakaninka da ƙarfen sama, aƙalla yatsu biyu a keken kwalta, fiye da haka sosai a keken daji. Sannan ka hau ka kama kai. Idan sai ka miƙe hannu tsaf har kafaɗa ta ɗage kafin ka kai ga birki, ya yi maka tsawo. Idan gwiwarka na neman dukan kan keken, ya yi maka kaɗan. In ka faɗo tsakanin girma biyu, ɗauki ƙaramin. Ƙaramin firam ana iya ɗan buɗe shi da dogon ƙarfen sirdi, babba kuwa ba a rage shi.

Idan na hannu za ka saya

Keke na hannu yakan fi sabo riba, muddin ka san inda za ka sa ido. Fenti mai sheƙi ba ya cikin lissafi. Ka je da rana, ba da magariba ba, ka ɗauki lokacinka.

Fara da firam. Bi duk inda aka yi walda da ido da yatsa, musamman inda ƙarafa suka haɗu a ƙarƙashin wuyan keken. Idan ka ga fenti ya tattare ko ya tsage a wurin, ko ka ji ɗan kumburi a ƙasan ƙarfen, keken ya taɓa karo da gaba. Koma gefe ka dubi fok ɗin gaba, wato ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafar gaba: in ya ɗan koma baya maimakon ya bi layin wuya, labarin ɗaya ne. Tsaga a firam na alminiyam ko na kabon, a bar shi kawai, komai sauƙin da aka yi maka. Firam na baƙin ƙarfe ya fi haƙuri, tsatsar sama ba ta kashe shi, amma wadda ta ci ta huda ta gama da shi.

Daga nan sai ka kwance ƙarfen sirdi ka ga ko yana motsi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su yi da-na-sani, domin ƙarfen da ya shekara ba a shafa masa giris ba yakan manne da firam har ya gagari mai gyara.

Yanzu boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sassan keke ke juyawa a kansu. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya; in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin wurin ya saki ko ya cinye. Kama hannun feda ka jijjiga shi gefe da gefe. Bai kamata ya yi wasa ba. Haka za ka yi wa kowace ƙafar keken. Sai ka ɗaga ƙafar ka juya ta kana kallon tazarar da ke tsakanin rim da robar birki. Ɗan kaɗawa kaɗan ana gyara shi da ɗaure sifok, wato siraran wayoyin ƙafar keken, amma rim ɗin da ke rawa kamar faifai ko wanda ya lotsa, sabo za ka saya. Matsa sifok biyu-biyu da hannu ka ji ko akwai wanda ya saki. Shafa gefen rim inda birki ke kamawa: idan ya zama kwari, ya kusa ƙarewa.

Dubi haƙoran giya. Masu lafiya kansu a daidai yake. Waɗanda suka cinye sukan yi tsini su karkata gefe guda kamar ƙaya. Sannan ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, ka taka da ƙarfi a kowace. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk abin da ka gano, ka haɗa kuɗin gyaransa da kuɗin keken kafin ka ce ka yi arha.

Kafin ka biya, kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙasan firam, wajen da hannun feda ke juyawa. In an goge ta ko an kankare, juya ka tafi. In tana nan, rubuta ta ka ajiye. Ranar da aka sace keken ita ce shaidarka.

Tsawon sirdi

Kusan duk sabon mahayi yana sa sirdinsa ƙasa da yadda ya kamata, don yana so ƙafarsa ta taɓa ƙasa yana zaune. Sakamakon shi ne ciwon gaban gwiwa da gajiya tun ba a je ko'ina ba. Hanya mafi sauƙi: jingina da bango, zauna a sirdi, ɗora diddige a kan feda, juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, wanda da shi ake tuƙi, za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Haka ake so.

Mai son lissafi yana iya bin ƙa'idar da ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazarar daga tsakiyar inda hannun feda ke juyawa zuwa saman sirdi. Mai santimita 80 zai sami kusan 70.6. Mafari ne kawai, jikinka ne zai yanke hukunci. In bayan gwiwa ke ciwo ko ƙugu na rawa, ka yi sama da yawa. Riƙa gyarawa da milimita 3 zuwa 5, ba da yatsu huɗu a lokaci guda ba. Sirdin ya kwanta daidai, kada hancinsa ya kalli sama. Kuma akwai layi a jikin ƙarfen sirdi da ke nuna iyakar da za a iya zaro shi. Wuce wannan layin yana iya fasa firam.

Iska da taya

Da za a ce in zaɓi abu guda da zai rage wa mahayi rabin wahalarsa, iska zan ce. Tiyub yana sakin iska a hankali ko babu huji, siririyar taya ma cikin 'yan kwanaki. Taya mai ƙarancin iska tana sa keke nauyi, tana cinye gefenta, kuma idan ka daki bakin rami sai rim ya tsunkule tiyub ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji. Duk lokacin da ka ga irin wannan hujin, ba ƙaya ba ce, sakacin famfo ne.

Adadin iskar da taya ke ɗauka yana rubuce a gefenta, galibi da ma'aunin da ake kira psi. Siririyar taya ta tsere takan so wajen psi 70 zuwa 90, ta tsaka-tsaki 45 zuwa 65, ta daji 25 zuwa 35, gwargwadon nauyin mahayi. Cika ta har ta zama dutse ba ya ƙara gudu a hanya mai gargada. Tsalle kawai za ta riƙa yi tana jijjiga ka. Nemi famfo mai agogo, ka kuma san irin bawul ɗinka, don iri uku ne: Schrader mai kauri irin na mota, Presta siriri mai ɗan noti a kai wanda sai an kwance shi kafin iska ta shiga, da Dunlop na tsofaffin kekuna.

Wajen sayen sabuwar taya kuwa, kada lissafin inci ya ruɗe ka, domin rikitacce ne. Taya mai "inci 28" iri biyu ce da ba sa shiga rim ɗin juna, kuma rim na inci 27 ya fi na inci 29 girma, ko da yake hankali ba zai so ya yarda ba. Nemi lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani, kamar 37-622. Ta farko faɗin taya ce, ta biyu faɗin da'irar rim, duka a milimita. Ta biyun ce dole ta zo daidai: 559 ita ce inci 26 ta keken daji, 584 ita ce 27.5, 622 ita ce ta keken tsere da kuma inci 29, 630 ita ce inci 27, 635 kuma ta tsohon dogon keke.

Faci ba ya bukatar gwaninta, haƙuri yake so. Saki sauran iskar, zaro gefe ɗaya na tayar da abin ɓamɓara na roba (sukudireba yana ƙara wani hujin), fito da tiyub, hura shi ka nemo wurin da kunne ko cikin ruwa. Kankare wurin da 'yar takardar yashi, shafa gam siriri ya fi facin faɗi, sannan ka jira kamar minti 5 har ya daina sheƙi. A nan ne mutane ke faɗuwa: suna manna faci a kan ɗanyen gam, gobe ya ɓalle. Kafin ka mayar, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo abin da ya huda ta, in ba haka ba zai sake huda ta kafin ka kai kwana. Sa wa tiyub 'yar iska ya yi siffa, mayar da shi, ka tabbata taya ba ta danne shi a bakin rim ba, sannan ka cika.

Sarƙa

Sarƙar da ta yi baƙi ƙirin tana ɗiga ba kulawa ta samu ba. Mai da ƙura idan suka haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin sarƙar da haƙoran giya tare. Yadda ake yi: goge ta da tsumma kana juya feda baya, ɗiga man sarƙa digo ɗaya a kan kowace gaɓa, juya sau da yawa ya shiga ciki, jira kaɗan, sannan ka goge na waje gaba ɗaya. Cikin gaɓoɓin ne ke bukatar mai, ba bayansu ba. Akwai mai na lokacin ruwa, mai kauri, akwai na rani, mai tsinkewa wanda ba ya kama ƙura sosai. Baƙin man da aka juye daga injin mota ba na sarƙa ba ne, giris ma haka. Wajen wanki kuma a guji ruwa mai ƙarfin feshi, yana kutsawa cikin boris ya kore giris. Bokiti da soso sun isa.

Sarƙa tana "miƙewa" da tsufa, wato ƙusoshinta suna cinyewa har tazararsu ta ƙaru. Tazarar ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ce cif, saboda haka rula ma ta isa awo. Sa farkon rula a tsakiyar wata ƙusa. A sabuwar sarƙa, inci 12 zai faɗa daidai tsakiyar wata. In ƙusar ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci, wato kamar milimita 1.6, canza sarƙar. In ta wuce da ninkin haka, ka makara, ta riga ta ci haƙoran baya, kuma sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu sai an canza su tare. Wanda ke canza sarƙa a kan kari yakan ci sarƙa biyu ko uku a kan haƙora ɗaya.

Birki da giya

Matse hannun birki. Ya kama tun kafin ya kai rabin hanya; in yana taɓa kan keken, waya ta saki ko roba ta cinye. Robar birki tana da tsagi-tsagi, idan suka shafe lokacinta ya yi. Ta sauka a kan rim sosai, kada ta taɓa taya, don za ta yanka gefenta. Mai birkin faifai dokarsa ɗaya ce babba: kada mai ya taɓa faifan ko abin da ke kama shi, ko da na yatsa ne. In birkin na ruwa ne, ka san irin ruwan da yake sha. Na kamfanin Shimano man ma'adini ne, wasu kamfanonin kuma ruwan birkin da ake kira DOT suke amfani da shi, kuma zuba ɗaya a madadin ɗaya yana lalata robobin ciki.

Giya idan ta fara ƙara ko jinkiri, mutane sukan ɗauki sukudireba su faɗa wa ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Aikin waɗannan biyun shi ne hana sarƙa faɗawa waje ko cikin sifok, kuma da wuya su motsa da kansu. Matsalar galibi waya ce ta ɗan saki. Akwai wani ɗan abin murɗawa inda waya ke shiga na'urar giyar baya. Idan sarƙa na ƙin hawa babban haƙori, murɗa shi ta wajen kwancewa, kwata ɗaya na zagaye, ka gwada. Idan tana ƙin saukowa ƙarami, mayar da shi ciki kwata ɗaya. In ka yi ta yi abin ya ƙi, tsaya a bayan keken ka duba: mai yiwuwa ɗan ƙarfen da na'urar ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe sanadin faɗuwa. Wannan na mai gyara ne.

Me ya cancanci a canza?

Taya tukuna. Babu abin da ke sauya yadda keke yake tafiya kamar taya mai kyau, kuma mai kariyar huji a ciki tana raba ka da zaman bakin hanya. Sai robar birki mai inganci, sai sirdi. A kan sirdi akwai abin mamaki: mai faɗi mai laushi kamar katifa daɗinsa na minti goma ne, a doguwar tafiya shi ke kawo gogayya da zafi. Wanda faɗinsa ya dace da ƙasusuwan zamanka ake nema, kuma ka ba jikinka mako biyu ya saba kafin ka yanke masa hukunci. Bayan haka fitila, madigadi, da feda mai riƙe tafin takalmi.

Fedar ma akwai tarko a cikinta. Ta hagu zarenta a juye yake, ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran notina. An rubuta L da R a jikinsu. Shafa giris, fara ɗaurawa da hannu, sai ta shiga lafiya sannan ka kawo sifana mai lamba 15.

Abin da ban cika ba da shawara ba shi ne ƙara yawan giya. Kayan ba sa haɗuwa yadda aka ga dama. A jerin Shimano na keken tsere, samfurin Claris giya 8 ne a ƙafar baya, Sora 9, kuma kowane ƙari yana zuwa da sarƙa mafi siranta da abin canja giya nasa na kansa. Ka ce za ka canza ɗaya, sai ka tarar huɗu kake saye, wani lokacin har da ƙafar baya. In lissafin ya kusa kuɗin wani keken, sayar da wannan ka sayi wancan. Masu kashe dukiya don rage giram ɗari biyu kuwa, alhali gorar ruwan da ke jikin keken ta fi haka nauyi, ban taɓa gane musu ba.

A kan hanya

Giya don ƙafarka ta riƙa juyawa cikin sauƙi aka yi ta, kamar zagaye 70 zuwa 90 a minti. Taka mai nauyi a hankali gwiwa yake ci. Sauko da giya kafin ka shiga tudu, ba bayan ka maƙale a tsakiyarsa ba, kuma ka ɗan sassauta ƙafa a daidai lokacin da sarƙa ke sauya wuri. Haka kafin tsayawa, don tashi ya zo da sauƙi. Guji haɗa babban haƙorin gaba da babban na baya, ko ƙarami da ƙarami. Sarƙa na karkacewa.

Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, domin idan ka taka birki nauyi gaba yake komawa. Tsoronsa da ake yi daga fizgarsa ne. Koyi matse shi a hankali kana ƙarawa, kana tura jikinka baya, a fili inda babu mota. Ka kuma tabbatar wane hannu ne nasa kafin ka hau keken da ba naka ba: a Ingila na dama ne, a Amurka da yawancin Turai na hagu. Cikin ruwan sama birkin rim yakan yi jinkiri kafin ya kama, sai a fara da wuri.

Bi hannun da motoci ke bi, kada ka tare su gaba da gaba. Kada ka manne da bakin titi inda tarkace da ramuka suke, ka kuma bar tazarar mita guda tsakaninka da motocin da ke ajiye, saboda ƙofar da za a buɗe ba sanarwa. Mafi haɗari duka shi ne kutsawa gefen babbar mota a kusa da kwana: direban ba ya ganinka, kuma ƙafafunta na baya suna yanke kwanar fiye da na gaba. Tsaya a bayanta ka bar ta ta wuce. Nuna hannu kafin ka juya, waiwaya kafin ka nuna. Da dare farar fitila a gaba, ja a baya. Hular kwano ta zauna daidai a goshi, ba a ƙeya ba, kuma wadda ta taɓa dukan ƙasa da kai a cikinta ta gama aikinta ko ba ka ga tsaga ba.

In za ka ɗaure keke, kwaɗon ya ratsa firam da ƙafar baya ya kama abin da ba ya tumɓukuwa. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai, ita zai dawo ya tarar. A 'yar jakar ƙarƙashin sirdi kuma kada a rasa tiyub ɗaya, kayan faci, abin ɓamɓarar taya biyu, ƙaramin famfo, da makullan noti masu kusurwa shida na milimita 4 da 5 da 6, waɗanda su ne ke kwance kusan duk abin da ke jikin keken zamani.